JLA/Avengers: Nazarin Zane da Zubin Labari a Littafin da Ya Haɗa Jaruman Marvel da DC

JLA/Avengers labari ne cikin zane wanda manyan kamfanonin wannan sana'a biyu na Amurka, Marvel da DC, suka haɗa hannu suka buga a fitowa huɗu, daga watan Satumba na 2003 zuwa farkon 2004. Kurt Busiek ne ya rubuta labarin. George Pérez ya zana shi da fensir, ya kuma bi shi da tawada da hannunsa, sannan Tom Smith ya sa launi. Kowace fitowa shafi 48 ce. Marvel ta buga ta ɗaya da ta uku da sunan JLA/Avengers, ita kuma DC ta buga ta biyu da ta huɗu, ta juya sunan ya koma Avengers/JLA, don kada a ce wani gida ya hau kan wani. Wannan rabon suna kaɗai ya isa ya nuna irin zaman kishiyoyin da ke tsakanin kamfanonin biyu.

Wasu kan kira irin waɗannan littattafai "littafin barkwanci", suna bin ma'anar sunansu na Turanci, amma sunan bai dace da su ba, domin yawancinsu ba don raha aka yi su ba. Littattafai ne da ake ba da labari a cikinsu ta hanyar jera hotuna a akwatuna, akwati bayan akwati, maganar mutane kuma tana cikin wasu da'irori da ke fitowa daga bakinsu. Mai nazarin irinsu dole ya dubi abu biyu a tare: abin da marubuci ya tsara, da yadda mai zane ya shimfiɗa shi a shafi. Idan ɗaya ya gaza, ɗayan ba ya iya ɗaukar kayan shi kaɗai.

Ƙungiyoyin biyu da aka gwara a littafin kowace ita ce zakaran gwajin dafin gidanta. Justice League of America, wadda ake taƙaitawa JLA, ta fara fitowa a 1960 a hannun Gardner Fox da Mike Sekowsky, kuma ita ta tara Superman da Batman da Wonder Woman da Flash da Green Lantern da Aquaman da Martian Manhunter. Avengers ta biyo baya a 1963 daga Stan Lee da Jack Kirby, kuma masu kallon fim sun san fuskokinta: Captain America, Iron Man, Thor, Hawkeye, Scarlet Witch da sauransu. Tun daga wancan lokaci masu karatu suke musun da ba ya ƙarewa, wa zai kayar da wa in an gamu. Kamfanonin sun san akwai kuɗi a wannan musu. A 1976 suka haɗa Superman da Spider-Man a littafi guda, a 1981 suka haɗa Batman da Hulk, a 1982 kuma X-Men da Teen Titans. Abin da ya rage shi ne babban karon, kuma aka sa shi a 1983.

Ta leƙo ta koma. Gerry Conway ya tsara labari, Pérez ya zana shafi 21, sai babban editan Marvel na lokacin, Jim Shooter, ya ce bai amince da tsarin labarin ba. Aka shiga kai-komo tsakaninsa da Dick Giordano na DC, aka jawo Roy Thomas ya yi wa labarin kwaskwarima, duk da haka abin ya ci tura. Kowane ɓangare ya fito a mujallun kamfaninsa ya ba da nasa bayani yana ɗora wa ɗayan laifi, aka yi baran-baran, kamfanonin ba su sake haɗa jarumansu ba sai a 1994. Shafukan nan 21 suka zama abin da ake labari ba a gani ba. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga fahimtar littafin 2003, domin mutumin da aka katse wa hanzari yana ɗan shekara 29 shi ne ya dawo ya ƙarasa aikin yana dab da shekara 50, kuma ana ganin wannan jiran na shekara 20 a kowane shafi.

Ba a yi zaɓen tumun dare ba wajen ɗauko mutanen biyu. Pérez, wanda aka haifa a 1954 a unguwar Bronx ta Kudu a birnin Niyok, ɗan iyaye 'yan asalin Puerto Rico, ya zana Avengers a shekarun 1970, ya zana Justice League daga 1980, sannan ya zana Crisis on Infinite Earths a 1985 zuwa 1986, littafin da ya tattaro kusan duk wani mai rai a duniyar DC. Busiek kuwa ya yi suna da Marvels a 1994 da Astro City a 1995, kuma an san shi da haddace tarihin waɗannan jarumai har ƙananan abubuwan da sauran marubuta suka manta. Su biyun sun yi aiki tare a kan Avengers daga 1998, saboda haka kowa ya san hannun ɗan'uwansa.

Labarin ya tashi ne daga Krona, wani masanin kimiyya daga duniyar DC wanda ya fara fitowa a 1965, mai ciwon son sanin yadda aka fari sammai da ƙassai. A wannan littafi yana bin duniyoyi ɗaya bayan ɗaya yana tarwatsa su don ya ga abin da ke ƙarƙashinsu. Da ya iso duniyar Marvel sai ya ci karo da Grandmaster, wani tsoho mara mutuwa wanda ba shi da sana'a sai caca. Grandmaster ya ga ba zai iya da ƙarfi ba, sai ya kawo dabara: a yi wasa. A ɓoye kayan tsafi da na ƙarfi guda 12, shida daga kowace duniya, a sa ƙungiyoyin biyu su yi tseren nemo su. Idan ɓangaren Krona ya ci, za a kai shi ga Galactus, wanda a tatsuniyar Marvel ya rayu tun kafin wannan duniya. Idan ya faɗi, ya kama gabansa. Inda Busiek ya saka ƙulli shi ne wajen rabon 'yan wasa: JLA ce ke wakiltar Grandmaster, Avengers kuma ke wakiltar Krona ba tare da sun sani ba. Wato in Avengers suka yi nasara, sun rusa gidansu da hannunsu.

Wannan tsari na raba jarumai gida-gida a tura su neman kaya tsohon salon Gardner Fox ne, kuma wasan Grandmaster tsohon salon Avengers ne tun 1969. Da gangan Busiek ya ari ƙashin bayan labarinsa daga gidajen biyu. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Tseren neman kayan hujja ce kawai ta tura kowace ƙungiya cikin duniyar ɗayar, don ta gani da idonta, ta kuma yanke hukunci. Fitowa ta ɗaya ta fi ƙarfi a daidai wannan wuri.

Flash ne ya fara tsallakawa. Yana sauka a duniyar Marvel ya tarar da gungun mutane sun biyo wani yaro da aka haifa da wata halitta ta daban za su yi masa rubdugu, ya shiga tsakani, sai ya ga gudunsa ma yana barinsa, domin tushen da yake jawo ƙarfinsa babu shi a can. Da sauran 'yan JLA suka biyo baya, abin da suka gani ya ɗaga musu hankali: ƙasar Latveria a ƙarƙashin mulkin kama-karya na Doctor Doom, tsibirin Genosha ya zama kufai bayan kisan kiyashi, ɓarnar da Hulk ya bari, ga Punisher yana harbe masu laifi ba shari'a. Superman ya yanke cewa jaruman wannan duniya sun gaza, sun zuba ido duniyarsu tana ruɓewa. Su kuwa Avengers da suka sauka a Metropolis, sai suka ga birni fes, jama'a na rububin neman sa hannunsu, har a wannan duniya akwai gidan tarihi sukutum da aka gina don Flash. Mutanen da suka saba da zagi da zargi a jaridun garinsu sai wannan karramawa ta zame musu abin tuhuma. Captain America, wanda ya yaƙi 'yan Nazi, ya ce wannan ba ƙauna ba ce, bauta ce, kuma babu mai samun irinta sai wanda ya danne mutane.

A nan littafin ya kama bakin zaren da sauran littattafan haɗaka suka kasa kamawa. A 1996 an yi DC vs. Marvel, inda aka jera jarumai biyu-biyu suka dambace, har aka bar masu karatu suka kaɗa ƙuri'a a kan sakamakon karo biyar. Wancan ya amsa tambayar wa ya fi ƙarfi, ya tsaya nan. Busiek ya ɗauki bambancin da masu karatu suka daɗe suna faɗa da baki, cewa jaruman DC abin koyi ne da ake ɗaga kai a kalla, na Marvel kuma mutane ne masu rauni da ke fama da duniyar da ba ta gode musu, ya mai da shi rigimar cikin labarin. Har ƙananan abubuwa ya bi. Duniyar DC ta ɗan fi ta Marvel girma, saboda tana ɗauke da biranen ƙirƙira irin su Metropolis da Gotham a kan na gaskiya. Tsafin Scarlet Witch ya yi mata yawa a duniyar DC har yana sa ta rashin lafiya. Hawkeye yana ganin 'yan JLA ya ce ai kwaikwayon Squadron Supreme ne, alhali a zahiri Marvel ce ta ƙirƙiri Squadron Supreme tana kwaikwayon JLA. Wanda ya san tarihin zai yi dariya, wanda bai sani ba zai wuce bai ji komai ba, kuma wannan matsala ce da za ta sake tasowa.

Fitowa ta biyu ita ce ta biyan bashi, inda aka ba masu karatu karon battar ƙarfen da suka biya kuɗi don gani. Tana da sauri, tana da yawan tsalle daga wuri zuwa wuri, kuma allon ƙidayar maki yana bin ta. Wasu gamuwar sun fi wasu ma'ana. Wonder Woman ta afka wa Hercules na Avengers saboda a duniyarta mai wannan suna ya ci zarafin mahaifiyarta, shi kuwa bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Darkseid na duniyar DC ya sami safar hannun nan mai duwatsu shida da masu kallon fim suka sani a hannun Thanos, ya gwada ta, ya ga ba ta aiki a duniyarsa, ya yar da ita kamar tsumma. Superman da Thor suka gwabza, Superman ya tare gudumar Thor da tafin hannunsa ya kayar da shi da ƙyar, kafin sauran Avengers su yi masa taron dangi. Busiek bai yi wayon barin karon ba sakamako ba, kuma wannan jarumta ce a littafin da editoci biyu ke gadi.

Amma gamuwar da ta fi kowace kyau ita ce wadda ba a yi faɗa ba. Batman da Captain America suka fuskanci juna, suka ɗan taɓa hannu kaɗan, kowa yana auna ɗan'uwansa. Pérez ya zana wannan a jerin ƙananan akwatuna, motsi kaɗan-kaɗan, kafaɗa, ƙafa, ido. Sai Batman ya amsa cewa mai yiwuwa Captain ya iya kayar da shi, amma zai ɗau lokaci, kuma tambayar da ta fi ita ce wa ke juya su duka. Suka janye daga fagen suka tafi bincike. A kogon Batman, Captain ya tsaya gaban akwatin gilashin da ke ɗauke da kayan Robin, yaron da aka kashe wa Batman, shi ma kuwa ya rasa nasa yaron, Bucky, a yaƙi. Magana kaɗan aka yi a wurin. Zanen ne ya ɗauki nauyin. Daga binciken nasu ne gaskiyar wasan ta fito, Captain ya sa ɓangarensa suka saki kaya na ƙarshe da gangan, JLA ta ci 7 da 5. Krona ya ƙi amincewa da faɗuwa, ya far wa Grandmaster, shi kuma ya yi amfani da kayan 12 ya cusa duniyoyin biyu cikin juna ya ɗaure Krona a tsakiya.

Fitowa ta uku ita ce zuciyar littafin, kuma ita ta raba shi da tsaransa. An buɗe ta a wata duniya da ba a taɓa yi ba, inda ƙungiyoyin biyu tsofaffin aminai ne masu ziyartar juna kowace shekara. Ana walima, Hawkeye da Green Arrow suna gardamar wa ya fi iya harbi, waɗanda suka mutu a ainihin tarihi suna nan da ransu. Sai ƙasa ta fara zamewa. Daga akwati zuwa akwati kayan jikin mutane na canzawa, wanda ke tsaye a nan ya ɓace wani ya maye gurbinsa, ana tsakiyar magana zamani ya juya. Duniyoyin biyu ba sa jituwa, matse su da aka yi yana kashe su. Wani mai suna Phantom Stranger ya jagoranci jaruman zuwa wurin Grandmaster yana gargarar mutuwa, suka nemi ya nuna musu ainihin rayuwar da za su koma in sun gyara al'amarin.

Abin da ya nuna musu ba daɗi. Barry Allen, Flash na wancan zamani, ya ga mutuwarsa. Hal Jordan, Green Lantern na wancan zamani, ya ga kansa ya haukace ya zama mugu ya hallaka abokan aikinsa. Aquaman ya ga ya rasa ɗa ya rasa hannu. Batman ya ga gawar Robin da karyewar bayansa. Iron Man ya ga giya ta mai da shi abin tausayi. Hank Pym na Avengers ya ga ranar da ya ɗaga hannu ya mari matarsa. Vision da Scarlet Witch suka ga tagwayen da suka haifa an shafe su kamar ba a yi ba, kuma su ne abin ya fi girgizawa. Duk waɗannan ba Busiek ya ƙirƙire su ba. Abubuwa ne da suka faru a mujallun kamfanonin cikin shekaru masu yawa, a hannun marubuta daban-daban, wasunsu ma masu karatu sun yi tir da su a lokacin. Busiek ya tattaro su ya ajiye a gaban masu su, ya ce su zaɓa: ƙaryar da ke da daɗi amma za ta rushe da kowa, ko gaskiyar da a cikinta wasunsu matattu ne. Hal Jordan, wanda ya fi kowa asara, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan a koma ga gaskiya. Jarumtar da ke wannan wuri ta fi duk naushin da ke fitowa ta biyu, kuma a nan ne sanin tarihin Busiek ya tashi daga ado ya zama kayan aiki.

Fitowa ta huɗu yaƙi ne daga farko har ƙarshe. Krona ya kashe Galactus ya gina sansani da gawarsa, ya tara miyagun duniyoyin biyu su yi masa gadi. Ƙungiyoyin suka zama ɗaya, Superman da kansa ya ce Captain America ya ja ragama, Martian Manhunter ya haɗa tunaninsa da na kowa don umarni ya isa ba tare da magana ba. Captain ya miƙa wa Superman garkuwarsa, daga baya Thor ya jefa masa gudumarsa, da su biyun Superman ya fasa shingen ƙarshe. Wannan hoto, Superman da yagaggun kaya riƙe da garkuwa a hannu ɗaya guduma a ɗayan, shi ne bangon fitowar, kuma shi ne hoton da aka fi tunawa da littafin. Sai dai ba shi ya gama da Krona ba. Flash ne ya ɗauke masa hankali, Hawkeye, mutumin da ba shi da komai sai kwari da baka, ya harba kibiyar da ta tarwatsa na'urarsa. Bayan ƙura ta lafa Superman ya sunkuya zai ɗaga gudumar ya kasa, Thor ya bayyana masa cewa sharaɗin da ke kanta an sassauta shi ne don larura. Kowane gida ya koma da mutuncinsa.

Zanen Pérez shi ne dalilin da ya sa wannan kaya mai nauyi bai karye ba. An fi saninsa da cika shafi da mutane, kuma bangon fitowa ta uku, wanda ya zagaye gaba da baya, yana ɗauke da jarumai fiye da 200, duk wanda ya taɓa zama ɗan ɗaya daga ƙungiyoyin. Amma yawa ba shi ne gwaninta ba, kowa na iya cunkusa kawuna. Gwanintar ita ce a cikin cunkoson babu fuska biyu iri ɗaya. Yawancin masu zanen wannan fanni fuska ɗaya suke da ita ta namiji, ɗaya ta mace, sai su bambanta su da gashi da tufafi. Pérez kuwa ya ba kowa ƙashin fuskarsa da tsayuwarsa. Captain America da Hawkeye da Hank Pym da Barry Allen duk farare ne masu gashi ruwan zinariya, amma ko sun tuɓe abin rufe fuska ba a ruɗa su. A taron walima kowa yana yin abin da ya dace da halinsa, wani na dariya, wani ya harɗe hannu a gefe, wasu biyu na musu a can baya, ko da ba a ba su kalma ɗaya ba.

Abu na biyu shi ne tsarin shafi. A lokacin da littafin ya fito, yayin da ake yi shi ne manyan akwatuna uku ko huɗu masu faɗi kamar allon silima, labari yana tafiya a hankali. Pérez ya saɓa wa wannan yayi. Shafinsa kan ɗauki akwati goma ko fiye, wasu sirara a tsaye, wasu ƙanana an dasa su cikin babban hoto, amma ido ba ya ɓata, domin kullum akwai abin da ke jan sa zuwa gaba: hannun da aka miƙa, hasken da aka harba, inda wani ke kallo. Yana kuma son jera duniyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, abin da ke faruwa a hagu yana da takwaransa a dama, ta yadda kwatancen da marubuci ke yi da kalmomi mai karatu ya riga ya gan shi da ido. Wurin da zamani ke juyawa a fitowa ta uku da ta huɗu kuwa ba a iya yin sa da rubutu zalla, a fim ma zai zama hayaniya. A shafi ne kawai mutum zai iya tsayawa ya dubi akwatin baya ya gane cewa rigar Iron Man ta 1960 da wani abu ce a can, a nan kuma ta 1980 da wani abu. Hatta ɓaraguzan gini Pérez ba ya yi musu ha'inci, kowane dutse da inuwarsa. Tom Smith ya cancanci yabo a kan raba wannan cunkoso da launi, ko da yake a wasu shafukan ƙyalƙyalin kwamfuta irin na farkon shekarun 2000 ya yi yawa, yana danne siraran layukan tawada.

Littafin yana da rauninsa, kuma ba ƙanana ba ne. Krona bos ne mara ɗanɗano. Buri ɗaya gare shi, murya ɗaya, ihu ɗaya, daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Tseren neman kaya 12 ya yi tsawo, rabinsa an wuce shi a akwati biyu-uku, ba a jin nauyin ci ko faɗuwa. Yaƙin ƙarshe, duk da kyan zanensa, ya koma faretin fuskoki, kowa ya leƙo ya yi abu ɗaya ya ɓace. Babban raunin kuwa yana wurin da littafin ya fi ƙarfi. Musun Superman da Captain America musu ne na gaske: mai ƙarfi da ya tsoma baki cikin al'amuran mutane, yaushe taimako yake zama mulki, wanda kuma ya kame hannunsa, yaushe kamewa take zama sakaci? Maimakon a bar mutanen biyu su kai wannan musu ƙarshensa, sai aka bayyana cewa zafin kansu ya samo asali ne daga rikicewar duniyoyin, wadda ta fi taɓa su saboda kowannensu ya fi kowa haɗuwa da tasa. Daga baya kowa ya amsa cewa zargin da ya yi wa ɗayan tsoron da yake yi wa kansa ne, wannan kuma ya ɗan rage asarar. Duk da haka an buɗe wa jaruman biyu ƙofar fita, don kada wani kamfani ya ga an bar nasa da laifi.

Sai batun wanda aka rubuta wa littafin. Wanda ya san waɗannan jarumai ta fim kawai zai bi labarin, amma zai zama kamar baƙo a bikin dangi, ana ta dariya da kuka a kan abubuwan da suka faru kafin zuwansa. Flash ya canza daga Wally West zuwa Barry Allen, Green Lantern daga Kyle Rayner zuwa Hal Jordan, ba tare da dogon bayani ba, kuma nauyin fitowa ta uku kacokan ya dogara ne ga sanin su wane ne waɗannan. Busiek da Pérez sun zaɓi tsofaffin masu karatu, sun kuma biya su har da gyara. Ga irin waɗannan, babu littafin haɗaka tsakanin kamfanonin biyu da ya kama ƙafarsa.

Abin da ya faru a cikinsa bai tsaya a cikinsa ba. Krona ya ƙare a matsayin wani ƙwai da sabuwar duniya za ta fito daga ciki, kuma Busiek ya ci gaba da labarin ƙwan a mujallar JLA a 2004 zuwa 2005, da kuma Trinity a 2008. A 2004 an fitar da babban bugu mai kauri wanda ya haɗa da shafukan nan 21 na 1983, a 2008 aka fitar da bugu mai araha, daga nan littafin ya ɓace daga kasuwa shekara da shekaru, domin sake buga shi sai da yardar kamfanoni biyu da suka daina haɗa hanya. A watan Disamba na 2021 Pérez ya sanar cewa yana fama da ciwon daji wanda likitoci suka ce ba ya jin magani. Marvel da DC suka ba ƙungiyar Hero Initiative, mai tallafa wa masu wannan sana'a da suka shiga halin ƙunci, izinin sake buga littafin. Kwafi 7,000 kacal aka buga, suka fito a watan Maris na 2022. Pérez ya rasu ranar 6 ga Mayu na 2022, yana da shekara 67.